Gurbin Katin Hoto: Yadda Aka Yi Tsohuwar Kwamfuta Ke Karɓar Sabon Kati

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ke aiki a shagunan buga takardu, ɗakunan haɗa finafinai da makarantu a Kano, Kaduna ko Maraɗi na hannu ne, waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin a yi jigilarsu zuwa nan. Idan irin wannan kwamfuta ta gaza ɗaukar aikin bidiyo ko zane, mai gyara yakan kwance noti, ya zare murfi, ya soka katin hoto a wani dogon gurbi da ke jikin babban allon da suke kira bod, sai injin da ya shekara 10 ya dawo da ƙarfinsa. Abin ya zama jiki har an daina tambayar dalilinsa. Amma babu wata doka ta kimiyya da ta ce kati daga kamfanin Nvidia ko AMD dole ya shiga kwamfutar Dell ko HP da aka ƙera shekaru kafin a zana katin. Wannan damar gado ce ta wata doguwar kokawa tsakanin kamfanoni kan wanda zai mallaki gurbin, kuma duk lokacin da aka gwabza, tsarin da aka bar wa kowa ne ya ci, ko da a farko ya fi rauni.

Gurbin ya girmi kwamfutocin da suka shahara da shi. Altair 8800 ta shekarar 1975 kusan akwati ce mai jeren gurabe, kuma Apple II ta 1977 ta zo da guda 8 saboda Steve Wozniak ya dage a kan haka lokacin da abokinsa Steve Jobs ke ganin biyu sun isa. Sai dai zuriyar da ta iso hannunmu ta faro ne a watan Agustan 1981, lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa mai lamba 5150. Ƙungiyar da Don Estridge ya jagoranta a Boca Raton ta jihar Florida ta yi aikin cikin gaggawa, a kusan shekara guda, don haka ta sayi kayan haɗi daga wasu kamfanoni maimakon ta ƙera komai da kanta. Kwamfutar ta fito da gurabe 5, kowanne mai haƙora 62, kuma ba ta da hanyar nuna komai a monita sai an saka mata kati. Mai saye yana da zaɓi biyu: MDA mai fitar da rubutu tsaf amma babu zane, ko CGA mai launi amma rubutunsa da kaushi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne IBM ya buga littafin bayanin injin, da zanen wayoyinsa da aikin kowane haƙori, ya sayar wa duk mai so. Ba a daɗe ba aka ga amfanin hakan. Van Suwannukul, ɗan asalin ƙasar Tailan da ke karatu a Amurka, yana buƙatar kwamfutar ta nuna haruffan harshensu, abin da MDA ba ya iyawa. Daga wannan buƙata aka sami katin Hercules a 1982, mai iya zana ɗigo 720 a kwance da 348 a tsaye a kan monitar IBM ɗin nan mai launi ɗaya. Babu wanda ya zauna a hedikwatar IBM ya yi tunanin haruffan Tailan, kuma ba a buƙaci wani ya yi ba, tunda an bar ƙofa.

A 1984 IBM ya fitar da samfurin AT, ya faɗaɗa hanyar bayanai daga bit 8 zuwa 16. Yadda ya yi faɗaɗawar ne ya zama al'ada: bai sauya tsohon gurbin ba, ƙari ya yi masa a ƙarshe, ta yadda mafi yawan tsofaffin katuna suka ci gaba da shiga gaban sabon gurbin suna aiki. To amma buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta zaɓar baƙo. Compaq da wasu kamfanoni sun riƙa ƙera kwamfutoci masu karɓar katuna da manhajoji iri ɗaya da na IBM, suna sayarwa da rahusa, kasuwa ta fara suɓuce wa mai ita. A watan Afrilun 1987 IBM ya yi yunƙurin ƙwato ta da jerin PS/2. A nan ne tsarin nuna hoto na VGA ya fara bayyana, a manne a jikin bod, kuma a nan ne aka kawo sabon gurbi mai suna Micro Channel, wanda tsohon kati ba ya shiga cikinsa, wanda kuma ba a ƙera shi sai an biya IBM kuɗin lasisi mai nauyi. Martanin ya zo a 1988, inda kamfanoni 9, cikinsu har da Compaq, HP, Epson, NEC, Olivetti da Zenith, suka haɗa kai suka fitar da EISA, gurbi mai faɗin bit 32 da aka tsara shi don tsohon katin AT ya zauna a cikinsa lafiya. Tsohon gurbin ma suka laƙaba masa suna ISA, wato ma'aunin masana'antar baki ɗaya, don a daina kallonsa a matsayin kayan IBM.

Masana injin suna da ƙorafi a nan, kuma ƙorafin yana da tushe. Micro Channel ya fi ISA sauri da tsari, katunansa ba sa buƙatar mutum ya riƙa matsar da ƙananan maɗaurai da hannu don kada kati biyu su yi karo a layi guda, wahalar da ta addabi masu kwamfuta har tsakiyar shekarun 1990. EISA kansa bai yi wani farin jini ba sai a manyan injinan ofis, kuma riƙe tsohon gurbi ya sa an ja nauyinsa har wajen shekarar 2000. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ƙorafin ya tsallake shi ne wanda ke biyan kuɗin tsabtar tsarin. Ofishin da ya zuba dukiya a katunan monita, na haɗa kwamfutoci da na firinta, an ce masa ya watsar da su gaba ɗaya don ya sami injin da ya fi kyau a takarda, kuma daga nan gaba farashin kowane kati yana ɗauke da kason IBM. Gurbi a wannan kasuwa tamkar mudu ne: amfaninsa duka yana cikin yardar da mai saye da mai sayarwa suka yi da shi, kuma mudun da mutum ɗaya ya ƙera ya ce sai an biya shi kafin a auna da shi, komai kyansa, ba zai zama mudun kasuwa ba. VGA, wanda wasu suka kwaikwaya suka ɗora a katunan ISA, ya rayu har ramin wayarsa mai shuɗi ya kai zamaninmu. Micro Channel ya mutu tare da PS/2, IBM kuma ya sayar da sashen kwamfutocinsa na tebur da na cinya ga Lenovo a 2005.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi rikici, kuma daga cikinsu ne mai adawa da wannan ra'ayi zai fi samun hujja. Windows da wasannin kwamfuta sun sa hoto ya fi ƙarfin ISA. A 1992 aka fito da VESA Local Bus, doguwar hanya da ke haɗa kati kai tsaye da furosesa 486, amma da Pentium ya zo sai ta zama tarihi. PCI, wanda Intel ya tsara a 1992 ya kuma miƙa wa ƙungiyar kamfanoni mai suna PCI-SIG, ya ɗauki megabait 133 a daƙiƙa, ya kuma kawo abin da ake yaba wa Micro Channel a kai, wato kati ya gabatar da kansa ba tare da an taɓa shi ba. A kansa ne katin Voodoo na kamfanin 3dfx ya zauna a 1996. Sannan a 1997 AGP ya shigo, gurbi ɗaya tilo na katin hoto kawai, wanda ya fara da megabait 266 ya ƙare da sama da 2,000 a tsarinsa na 2002. Matsalar AGP wuta ce. Tsarin farko yana aiki da bolt 3.3, na biyu 1.5, na uku 0.8, alhali siffar gurbin kusan ɗaya ce. An yi dabarar sanya tsaga a bakin kati da tudu a cikin gurbi don kada wanda bai dace ba ya shiga, amma wasu masu ƙera kati sun yanka tsaga biyu a katin da bolt 3.3 kaɗai yake ɗauka, ya shige bod ɗin da ba ta jure hakan, ya ƙone ta. Mutum zai iya cewa, ina alƙawarin dacewa a nan, gurabe huɗu cikin shekaru kaɗan, ɗaya ma yana cin dukiyar mutane? Amsar ita ce a duba yadda aka yi kowane sauyi. Bod ɗin wancan zamani takan zo da tsoho da sabon gurbi gefe da gefe, ISA kusa da PCI, PCI kusa da AGP, saboda kamfanoni da dama ne ke gasa kuma babu wanda ke son ya kori mai tsohon kati. Ko bayan an daina ƙera bod mai AGP, an ci gaba da fitar masa da katuna har wajen 2009, irin su Radeon HD 4670, don kawai akwai masu tsohuwar kwamfuta da ke son saye kuma babu mai ikon hana a sayar musu. Ɓarnar katunan da suka ƙona bod kuwa ta fito ne daga waɗanda suka karya ƙa'idar da aka rubuta.

PCI Express, wanda aka kammala tsarinsa a 2003 ya shiga kasuwa a 2004, an gina shi da darasin AGP a zuciya. Bayanai suna tafiya ta layuka masu zaman kansu, 16 ga gurbin katin hoto, kowane layi na ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa a tsarin farko. An ninka saurin a 2007, an sake kusan ninkawa a 2010, da 2017, da 2019, amma siffar gurbin ba ta motsa ba. Da zarar an kunna kwamfuta, kati da bod sukan gwada juna su daidaita a kan saurin da dukansu ke iyawa. Shi ya sa sama da shekara 20 ke nan gurbi ɗaya ke aiki, abin da babu wanda ya riga shi yi a tarihin katin hoto.

Mai gyaran da ya ƙware zai ce shiga daban, aiki daban, kuma ya yi gaskiya. Gurbin yana ba da wuta wat 75 ne kawai, katin da ya fi haka ci yana buƙatar waya ta daban mai baki 6 ko 8 daga akwatin wutar kwamfuta, ƙananan injinan ofis kuwa akwatin wutarsu wajen wat 240 ne kuma ba su da wannan waya. Gangar jikinsu siririya ce, sai gajeren kati. Wasu sababbin katuna ba sa tashi a tsohon BIOS, wasu tsofaffi kuma kamfaninsu ya daina yi musu manhajar da ke tafiyar da su, sannan kati mai ƙarfi a bayan furosesa mai rauni asarar kuɗi ce. Shi ya sa katuna irin su GT 1030 da GTX 1050 Ti, waɗanda wutar gurbi ke isarsu, suka zama abokan tsofaffin injina. Sai dai idan aka bi waɗannan cikas ɗaya bayan ɗaya, za a ga mafi tsananinsu suna zaune ne a inda yarjejeniya ba ta kai ba. Akwatin wuta mai rauni abu ne da ake canzawa cikin minti kaɗan, in ba don wasu manyan kamfanoni sun yi wa injinan ofis ɗinsu mahaɗin wuta na kansu wanda na kasuwa ba ya shiga ba. Manhajar kati kuma a hannun mai katin take, ranar da ya ga dama ya janye.

Abin damuwa shi ne rabon gurbin a cikin duniyar kwamfuta yana raguwa. A laftof sashen hoto a like yake da bod, kuma tsarin MXM da Nvidia ya kawo a 2004 don a riƙa cire shi bai taɓa zama ruwan dare ba. Mac Pro ta 2023 tana da guraben PCI Express amma ba ta karɓar katin hoto a cikinsu. Windows 11 ta 2021 ta gindaya sharaɗin na'urar tsaro ta TPM 2.0 da sababbin furosesa, sannan Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, wanda ke nufin injin da gurbinsa ke karɓar katin bana na iya zama wanda aka yi wa ritaya ta wata hanyar. Masu kare wannan salo suna cewa haɗe komai wuri guda yana rage cin wuta da nauyi da farashi, kuma ga wayar hannu da laftof hujjarsu tana da ƙarfi. Amma lissafin nasu na mai saye na farko ne, wanda zai canza inji bayan shekara uku ko huɗu. Mai saye na biyu da na uku, wanda kwamfutar ke isowa hannunsa ta Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja kafin ta hau mota zuwa Arewa, ba a sa shi cikin lissafin ba, alhali shi ne zai rayu da injin mafi tsawon lokaci, kuma shi ne zai rasa abin yi idan sashen hoton da aka like ya gaza.