Gidan Big Brother: Tarihin Kulle 'Yan Gasa, Daga Holan Zuwa Najeriya

Jama'a, duk lokacin da kakar Big Brother Naija ta zagayo, za ka tarar da matasanmu a Mararaban Rido ana ta musu a kan wanda ya dace a kora. Amma kaɗan ne suka san asalin shirin.

A ƙasar Holan aka fara shi a 1999, ƙarƙashin kamfanin Endemol na John de Mol. Sunan kuwa daga littafin George Orwell na 1949 aka ɗauko shi, labarin wani shugaba da idonsa ke kan kowa. Tun farko ƙa'idar ɗaya ce: ba waya, ba jarida, ba labarin waje, kyamara dare da rana.

Shirin ya iso Najeriya a 2006, kuma ɗan Kudancin Kaduna, Katung Aduwak, shi ya cinye dala 100,000 bayan kusan wata uku a kulle. Da aka dawo da shi a 2017, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka ɗauka, har Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sa hukumar NBC ta bincika dalili. Sai a 2019 gidan ya koma Legas.

Kullen nan ba wasa ba ne. A Jamus, 'yan gasar 2020 sun shafe makonni ba su san korona ta mamaye Turai ba, sai a watan Maris aka sanar da su a gaban kyamara.

Me ya sa ake haka? Mutumin da aka raba da danginsa, aka ƙayyade masa abinci, aka ce ya nuna wanda za a kora cikin abokan zamansa, ba ya daɗewa bai fusata ko ya fashe da kuka ba. Wannan shi ne hajar da ake sayarwa. Masu shirin ke tsara ayyuka, su ke zaɓar kyamarar da za a haska mana.

Don haka, matasa, kafin ku ɓata da aboki saboda ɗan gasa, ko ku yi sha'awar shiga, ku tuna cewa kyan ɗan maciji ne. Halin da kuke gani an matsa shi ne ya fito.

Allah ya sa mu gane.