Makiyayi Ma Yana Bukatar Mai Ƙarfafa Shi

A wannan biki na cika shekara 50, bari mu waiwayi tushe. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas domin kawo bishara ƙasar Sudan. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada da karyayyar zuciya, har bangaskiyarsa ta raunana. Da bai sami masu riƙe hannunsa ba, da SIM ba ta kafu a Pategi a 1902 ba, balle a haifi ECWA a 1954.

Fastocinmu na Gumel da Maigatari ma 'yan adam ne. Su ke ta'azantar da mu ranar makoki, amma wa yake share nasu hawayen? Mu ziyarce su, mu ɗauki nauyin iyalinsu, mu riƙa yi musu addu'a.