Mabuɗin da aka ƙera kafin a ga kwaɗonsa

Da yawanmu mun sha cin karo da tallar wasu allurai a Facebook da TikTok, ana cewa suna ƙara tsawo, suna gina damtse, suna maido da ƙuruciya. Sunansu peptid. Kafin wani ya tura kuɗinsa, bari mu koma baya mu ji inda suka samo asali.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mutum akwai wata ƴar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, likitoci na ce mata hipofiz. Ita ke fitar da sinadarin girma, wanda ke sa ƙashin yaro ya miƙe. Yaron da hipofiz ɗinsa ba ta aiki sai ya tsaya cak bai girma ba. A da, daga kan gawarwaki ake tsamo sinadarin a yi wa irin waɗannan yara allura. A 1985 aka gano cewa wannan hanya na yaɗa cutar Creutzfeldt-Jakob mai lalata ƙwaƙwalwa. A Faransa kaɗai, fiye da mutum 100 da aka yi wa allurar suna yara sun rasu. A shekarar ce kuma aka fara sayar da sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji.

To amma tun kafin nan wasu masana sun bi wata hanya daban: maimakon a zuba wa jiki sinadarin daga waje, me zai hana a zunguri hipofiz ta fitar da nata? Nan peptid ya shigo. Peptid wata gajeriyar sarƙa ce ta asid amine, wato tubalan da ake gina furotin da su, a jere kamar duwatsun wuya.

A 1982, tawagar Roger Guillemin, haifaffen Dijon mai aiki a Amurka, da tawagar Wylie Vale suka gano GHRH, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa hipofiz. Daga ƙari suka tsamo shi, kuma na Guillemin daga wani majinyaci a birnin Liyon ya fito.

Shi kuwa Cyril Bowers na jami'ar Tulane, tun shekarun 1970 ya lura cewa wasu ƙananan peptid da ya haɗa suna sa hipofiz ta saki sinadarin. A 1984 shi da abokan aikinsa suka bayyana GHRP-6, mai tubali shida rak. Abin mamakin shi ne, yana aiki amma ba ta ƙofar GHRH ba. Ga mabuɗi a hannu, ba wanda ya san kwaɗon da yake buɗewa. Sai a 1996 masanan kamfanin Merck suka gano kwaɗon. Tambaya ta rage: tunda jiki na da kwaɗo, ina mabuɗinsa na asali? A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa na Japan suka samo shi, ba a kai ba, a tumbin ɓera. Suka raɗa masa suna grelin, mai tubali 28. Shi ne wanda yanzu aka fi sani da sinadarin yunwa, shi ya sa GHRP-6 ke sa mutum ci kamar gara.

Bayan duk wannan wahala, me aka samu? An samu magunguna, amma ga larurori ƙididdigaggu. Amurka ta amince da sermorelin don yara masu ƙarancin sinadarin a 1997, aka daina sayar da shi a 2008. A 2010 ta amince da tesamorelin don rage kitsen ciki ga masu ɗauke da ƙwayar cutar sida. Japan na amfani da GHRP-2 wajen gwada ko hipofiz na aiki.

Batun maido da ƙuruciya fa? A 2008 jami'ar Virginia ta fitar da sakamakon gwajin MK-677, wani magani na sha wanda ba peptid ba ne amma kwaɗo ɗaya suke buɗewa da GHRP-6. Dattawa 65 masu lafiya aka yi gwajin da su. Tsoka ta ƙaru da kimanin kilo ɗaya, ƙarfi bai ƙaru ba, sukarin jini kuma ya hau. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta wa ƴan wasa duka dangin nan.

Kun ga ke nan, galibin abin da ake tallatawa a intanet ba wata hukumar magunguna da ta yarda a yi wa mutum mai lafiya. Wanda ya gama balaga, bakin ƙashinsa ya rufe, ba allurar da za ta ƙara masa ko santimita guda. A nan gida kuma, yaran da muke gani sun tsumbure, mafi yawansu ƙarancin abinci mai gina jiki ne da yawan ciwo tun suna jarirai, ba matsalar hipofiz ba. Idan girman ɗanka ko ɗiyarki ya dame ku, ku kai shi asibiti a auna tsawo da nauyi. Kuɗin allurar nan gara a sa su a ƙwai da wake da madara.