Shin hoton asibiti na da haɗari?

Mutane da dama na fargabar ɗaukar hoton ƙirji ko na ƙashi a asibiti saboda radiyeshon, wato wani irin haske mai ratsa jiki wanda ido ba ya gani.

Sai dai kowa na samun wannan haske kullum daga ƙasa da duwatsu da sararin samaniya, har ma da abinci.

Ana auna shi da ma'aunin milisibat. A rahotonsa na 2008, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kan samu kimanin 2.4 a shekara, kusan rabi daga iskar radon mai fitowa daga ƙasa.

Hoton ƙirji guda kimanin 0.1 ne, daidai da abin da ake samu cikin mako biyu.

Amma hoton ciki da na'urar CT kan kai 8, wato na fiye da shekara uku, kuma yawan maimaita shi na iya ƙara haɗarin kamuwa da sankara.

Sikanin duba juna biyu da na'urar MRI ba sa amfani da wannan haske.

Likitoci na cewa amfanin hoton da aka buƙata domin gano cuta ya rinjayi haɗarinsa, amma mai juna biyu ta sanar da su tukuna.