Sinawa da Atamfar Kaduna

Dangantakar Sinawa da sana'ar atamfa a Kaduna ta faro ne a 1964, shekarar da aka kafa masaƙar United Nigerian Textiles, wadda aka fi sani da UNTL, a Kakuri, kudu da kogin Kaduna. Ke nan ta girmi hulɗar jakadanci tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Jama'ar Sin, wadda sai ranar 10 ga Fabrairun 1971 aka ƙulla ta. Zango biyu dangantakar ta yi. A na farko Sinawa sun zo da injinansu sun ɗauki 'yan ƙasa aiki. A na biyu kayansu ne suka riƙa shigowa a kwantena har suka cinye kasuwar. Mazauna Kakuri, Makera, Nasarawa, Sabon Tasha da Unguwar Boro sun ga duka biyun da idonsu, kuma ta jikin zane yawancinsu suka fara sanin halin al'adar Sin ta zamani: a ɗauki tsohuwar sana'ar hannu a ɗora ta kan inji, sannan a juya ta yadda mai saye yake so, ko da kuwa a wata nahiya yake.

Asali

Lardunan Jiangsu da Zhejiang, a gabashin Sin kusa da bakin kogin Yangtze, sun daɗe da yin suna wajen siliki da auduga. A Nantong har yau ana rina shuɗin yadi da baba: a kwaɓa garin waken suya da farar ƙasa, a shafa a kan yadin ta cikin takardar da aka huda da siffar fure, a tsoma a baba, in ya bushe a kankare, sai furen ya fito fari tas. Matan ƙabilar Miao a lardin Guizhou kuwa da kakin zuma suke zana nasu. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofin Ƙofar Mata a Kano zai gane aikin nan take.

A 1899 wani malami mai suna Zhang Jian ya buɗe masaƙar zamani ta Dasheng a Nantong, yankin ya shiga saƙar inji. Cikin wannan yanayi Cha Chi Ming ya tashi. An haife shi a Haining a 1914, ya koyi rini da saƙa, ya yi aiki a masaƙar Liu Guojun ta Changzhou, ya kuma auri 'yarsa. A ƙarshen shekarun 1940 ya koma Hong Kong kamar yadda masu masana'antu da yawa na yankin Shanghai suka yi, ya kafa kamfanin China Dyeing Works a 1949. Da Ingila ta fara taƙaita shigar yadin Hong Kong a 1959, masu masaƙu suka shiga neman wata kasuwa. Ita kuma Najeriya, da samun 'yancin kai, tana ƙara haraji kan yadin waje don a saƙa na gida.

Kaduna ta cika sharuɗɗan. Ga ruwan kogi, ga mahaɗar jirgin ƙasa, ga audugar Funtuwa da Gusau da ƙasar Zazzau, ga kuma gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello da ta riga ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957 tare da kamfanin David Whitehead na Ingila.

Zamanin masaƙu

UNTL, wadda Cha ya kafa, ta bunƙasa har ta zama rukunin masaƙu mafi girma a ƙasar, da rassa irin su Unitex da Supertex a Kaduna, da masaƙun Funtuwa da Gusau, da Nichemtex a Ikorodu ta jihar Legas. Daga sunan wannan reshe na ƙarshe ne matan Arewa suka samo “Nicem” da ake lissafawa cikin akwatin lefe. Iyalan Cha sun kafa masaƙar Akosombo a Gana, kuma a 1992 suka sayi kamfanin ABC na Manchester, mai atamfar da ake kira Ingila. Kasuwancin gida ne irin na Sinawa, uba da 'ya'ya da surukai, amma ya ratsa nahiya uku.

Ita kanta atamfar ba 'yar Sin ba ce. Asalinta rinin hannu ne na tsibirin Java, Turawan Holan da Ingila suka mayar da shi aikin inji a ƙarni na 19, Afirka ta Yamma ta karɓe shi ta mai da shi nata. Abin da Sinawa suka kawo Kakuri shi ne gwanintar rini da iya tafiyar da masaƙa. Ana narka ƙaro a buga shi a fuska biyu na farin yadi da manyan gangunan tagulla masu zane, a tsoma a rini, a wanke ƙaron, sannan a bi da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙaron ya tsage, rini yakan kutsa ya bar siraran jijiyoyi, kuma waɗannan jijiyoyin ne mai saye take nema. Shi ya sa mace a kasuwar Sabon Tasha ba ta biyan kuɗin turmi sai ta buɗe shi ta juya bayansa, ta ga ko launin ya ci fuska biyu, ta karanta rubutun gefen, ta murza bakin zanen tsakanin yatsu ta ji ko auduga ce ko an gauraya da roba.

Masaƙun sun sauya kudancin birnin. Dare da rana ake aiki, ana karɓa-karɓa. Ma'aikata sun kwararo daga Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da kudancin ƙasar, unguwanni suka yi ta miƙewa ta hanyar Kachiya har Sabon Tasha da Unguwar Boro. Masu gidajen haya, masu tuwo-tuwo, direbobi da teloli duk a jikin albashin masaƙa suke ci. A Kaduna ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafa hedikwatarta, kuma a masaƙar Arewa Textiles, wadda aka kafa da hannun Japanawa, Adams Oshiomhole ya fara gwagwarmayar ƙwadago.

Akwai rauni tun daga tushe, wanda bai kamata a rufe shi ba. Injina, kayan gyaransu da sinadaran rini duk daga waje ake sayo su. Shekaru sun shuɗe ana buga atamfa a Kakuri ba tare da ƙasar ta koyi ƙera abin da ake buga ta da shi ba.

Durƙushewa

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin mai na tukunyar tururi ya yi wuya duk da matatar mai tana nan kusa, noman auduga ya ja baya. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. A can Sin kuwa sauye-sauyen da Deng Xiaoping ya faro a 1978 sun riga sun cika gabar teku da masana'antu. Ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, kuma a farkon 2005 aka soke tsarin ƙayyade cinikin yadi na duniya. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007, shekarar da Cha Chi Ming ya rasu, dubban ma'aikata suka koma gida. An sake buɗe wani ɓangare a ƙarshen 2010 da rancen Bankin Masana'antu, amma bai kai ko kusa da yadda yake a da ba. Mutane da yawa a waɗannan unguwanni sun tsufa suna jiran haƙƙinsu daga masaƙun da suka rufe.

Ana yawan ɗora laifin duka a kan kayan Sin. Gaskiyar ita ce sun tarar da masaƙun sun riga sun jigata, suka ƙarasa su.

Atamfa 'yar Cana

A zango na biyu 'yan kasuwar Hausawa ne da kansu suka zama gada. Suna zuwa Guangzhou, musamman unguwar Xiaobei inda Musulmi 'yan Afirka suka fi sauka, ɗauke da ƙyallen zanen da ke tashe a gida. Masana'anta ta kwaikwayi zanen, ta sauya launi yadda aka ce, cikin makonni kaya sun hau jirgin ruwa. Yanzu hoto ma ake turawa ta waya. A shekarun baya wani kaso mai yawa yakan sauka a Kwatano, ya bi ta Nijar, ya shigo ta Maraɗi zuwa Kantin Kwari a Kano, sau da yawa ta fasa-ƙwauri, daga nan ya bazu zuwa kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ƙananan kasuwannin kudancin Kaduna. Da farko an san 'yar Cana da zuba da saurin koɗewa. Daga baya samfura irin su Hitarget, da ake bugawa a Qingdao, suka inganta har suka yi suna na kansu.

Sauƙin farashin ya taɓa al'ada. Ankon biki, wanda a da sai masu hali, ya zama na kowa, a gidan Musulmi da na Kirista, haka ɗinkin ƙungiyoyin matan coci da kayan sallar yara. Marina da masaƙan gida kuwa sun ji a jikinsu: a 2015 marinan Kano sun yi zanga-zanga kan yadin Sin da ke kwaikwayon rininsu. A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China, bisa tsohuwar ɗabi'ar masarauta ta bai wa kowace al'ummar baƙi mai magana da yawunta.

Sauran hanyoyi

Dabarar nan ta karantar mai saye ta sake bayyana a wayar hannu. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka da waya mai layi biyu, batir mai daɗewa, kyamarar da ke fito da baƙar fata sosai, da kuma tsarin Hausa a ciki. Kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016. Ta fannin harshe kuwa, gidan rediyon ƙasar Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing.