Yadda Haske ke Motsa Tsarin Ferobuskait

A 2009 ne tawagar Tsutomu Miyasaka a Japan ta fara samar da lantarki daga hasken rana ta hanyar amfani da wani sinadari mai suna ferobuskait na dalma, amma kashi 3.8 cikin ɗari kacal na hasken ta juya zuwa lantarki. Yau an haura kashi 25. Sai dai har yanzu ana yawan auna tsarin wannan sinadari a cikin duhu, alhali a rana yake aiki, kuma a ganina nan gizo ke saƙa.

Silikon, wanda ake yin yawancin farantan sola da shi, ƙwayoyin zarrarsa a ɗaure suke tamau. Na ferobuskait kuwa saƙarsu sakwa-sakwa ce. Idan haske ya fizge ilektiron daga mazauninsa, ya bar gurbi mai kishiyar caji, kowannensu yakan ja ƙwayoyin da ke kewaye da shi, saƙar ta lotsa kamar katifar da aka zauna a kai. Wannan caji haɗe da lotsawarsa shi ake kira folaron. Masana da dama na ganin shi ne ke kare cajin daga saurin ɓacewa, har ya kai ga wayar lantarki.

Amma sassaucin saƙar yana da illarsa. A 2015 Eric Hoke da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka nuna cewa ferobuskait mai gaurayen aidin da buromin yana rarrabuwa idan an haska shi: aidin ya taru a wasu wurare, cajin ya gangara can ya maƙale, ƙarfin lantarkin ya ragu. A mayar da shi duhu, cikin mintuna ya sake gaurayewa. Mai aunawa a duhu ba zai taɓa ganin wannan ba. Abin damuwar shi ne, irin wannan gauraye ake buƙata wajen ɗora ferobuskait a kan silikon a farantin sola ɗaya.

Dole a yi hattara, domin ba kowane motsi ne aikin caji ba. A 2018 an ruwaito a mujallar Science cewa haske yana buɗa saƙar. A 2020 wasu masanan suka musanta, suka ce zafin fitilar gwajin ne kawai. Saboda haka duk gwajin da zan yarda da shi sai ya haska samfurin, ya auna zafinsa, ya duba tsarinsa a lokaci guda.