Daga Famfon Landan Zuwa Fadamun Kudan: Yadda Taswira Ta Shiga Yaƙi da Cututtukan Ruwa

A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan, ta kashe sama da mutum 600. A lokacin yawancin likitoci na ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗibar ruwa, sai ya tarar akasarinsu famfo ɗaya suke sha. Aka cire hannun famfon, daga bisani ya zana taswirar da ta nuna mace-macen sun taru a kewayensa.

Nijeriya ta ci moriyar wannan darasi a yaƙinta da kurkunu. Binciken ƙasa da aka fara a 1988 ya gano sama da mutum 650,000 ɗauke da cutar. Aka rubuta sunan kowane ƙauyen da take ciki, aka raba matatar ruwa, aka zuba magani a kududdufai, aka haƙa rijiyoyin burtsatse. An ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da cutar.

Yau kwamfuta ke yin aikin, ta tsarin da ake kira GIS. Ana ɗaukar hoton tauraron ɗan'adam, a sanya masa rijiyoyi da rafuka da juji, sannan a ɗora gidajen marasa lafiya. Inda alamun suka cunkushe, nan za a fara binciken ruwa.

Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasar noman rani ce, ta rake da tumatir da barkono. Ruwan fadamar da ke ciyar da manomi shi ne kuma mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, mai sa yara fitsarin jini. Da damina kuwa, ambaliya kan kwashi ƙazantar masai ta zuba a rijiyar da ba ta da murfi.

Sai dai taswira ba ta sanin abin da ba a gaya mata ba. Yaron da aka yi wa jiƙo a gida ba zai bayyana a cikinta ba. Don haka idan amai da gudawa ko fitsarin jini ya shigo gidanka, ka hanzarta zuwa asibiti, ka faɗi sunan unguwarku da inda kuke ɗibar ruwa. Ta yiwu bayaninka ne zai ceci maƙwabta.